Nagode Birkila da Butar Malam Sallau

A cikin mutanen da na sani a shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, babu wanda nake yawan tunawa kamar Nagode birkila. Ni a lokacin malamin asibiti ne a Talata Mafara. Ranar Lahadi mukan taru a wata rumfar kara, mu Kiristoci 'yan kaɗan da aiki ya kawo, a can na san shi.

Bai yi makarantar mishan kamar ni ba. A ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatu, saboda haka da yatsa yake bin layi, kuma da ƙarfi yake karantawa. Amma kowace safiya, kafin motar kamfanin da ke gina madatsar ta zo ɗaukarsa, sai ya karanta Littafi Mai Tsarki ya yi addu'a. Yakan ce magidancin da bai durƙusa da safe ba, kamar ginin da ba a shayar da shi ruwa ba ne, rana na dukansa zai tsage.

A zauren wani manomi, Malam Sallau, ya sauka a Maradun. Nagode ba shi da agogo. Idan Malam Sallau ya fito alwalar asuba, sai ya buga ƙyauren zaure da gindin butarsa.

"Ɗan mishan, tashi! Ni na tahi masallaci, kai ma ka ji da naka."

Haka suke har aka tare kogi, ruwa ya taso ya cinye fadamar da Malam Sallau ya gada. Tun daga ranar buta ta daina taɓa ƙyaure. Malam Sallau bai kori Nagode ba, bai kuma zage shi ba. Gaisuwa ce kawai ta gajarce.

Nagode ya rame. Na kai masa agogona mai ƙararrawa, ya mayar mini.

"Malam, ba tashi ne ya gagare ni ba. Da hannun nan nawa aka ɗora bangon da ya tare ruwan. Da wane ido zan dube shi?"

Na ba shi shawara ya sake masauki. Ya ƙi. Ya ci gaba da tashi da kansa, ya karanta Zabura, ya sa sunan maigidansa a addu'a, da wannan babbar muryar tasa da ba ta iya raɗa ba.

Wata asuba ladan ya kira salla, Nagode bai ji tarin dattijon ba, bai ji motsin ruwa ba. Baƙin ciki ya kwantar da Malam Sallau. Nagode ya rufe Littafin, ya cika butar daga randa, ya yi sallama ya shiga, ya buga ƙofar ɗakin dattijon da gindinta.

"Baba, asuba ta yi. Ni na ji da nawa."

Can dattijo ya fito, ya dube shi, ya dubi butar.

"Kai ɗan mishan, yau kuma kai al ladan?" Ya karɓa. "Kullum ina jin ka kana kiran sunana. Ka rage murya, ka hana ma awakina kwana."

Washegari buta ta bugi ƙyaure. Nagode ya ce mini tuni idonsa biyu, amma ya yi lamo, don ya ji an sake bugawa.