Hajja Batula Ba Ta Shiga Motar Ba

Asabar ce, cikin goman ƙarshe na azumin 2023. Bayan asuba ban koma barci ba. Na wanke kayana, na shanya a tsakar gida, na zauna bitar darasi. Hajja Batula tana kan gadonta na igiya, tana tsince waken buɗa-baki. Rediyonta na karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa.

Sunana Safiya, 'yar Zariya ce ni. Karatun gwajin jini ya kai ni Khartoum. Yanzu ina zaune a Cheras, a Kuala Lumpur, a wani ɗaki can saman bene. Waɗanda muke gaisawa a nan sun san daga Sudan na zo. Iyakar abin da suka sani ke nan.

Hajja ce mai gidan da nake haya. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanta ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, ya yada zango a bakin kogin Nilu, bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma tana Hausa da kalmomin da rabona da jin su tun a bakin kakata. “Ɗiyata” take ce mini. Tana da ciwon suga, allurarta a firji take zama. 'Yarta Nafisa ma'aikaciyar jinya ce a Omdurman, hayin kogi.

Wajen ƙarfe tara na safe muka ji ƙarar farko daga ɓangaren filin wasa. Na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Sai ta biyu. Sai harbi ya ɓarke babu tsayawa. Gilashin tagata ya zube. Hajja ta jawo ni ƙasa, waken ya watse a tabarma. Wani jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa har langa-langar rumfa ta yi rawa.

Kafin azahar wuta ta ɗauke. Da la'asar famfo ya ƙafe. Nafisa ta kira ta ce sojojin gwamnati ne da wata runduna da da can suke tare, kuma babu mai iya haye gada. Hajja ta naɗe kwalaben allurarta a jiƙaƙƙen tsumma, ta cusa su ƙarƙashin randa.

Muka koma ɗakin tsakiya, wanda ba shi da taga. Na koyi bambanta ƙara. Bindiga ƙarama tana yi kamar ana fasa dutse. Igwa a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne. Idan aka yi shiru ma ba mu saki jiki, don shirun ba ya daɗewa.

Ranar Talata da hantsi Usman mai burodi ya buɗe shagonsa na bakin layi, saboda yara sun fara kukan yunwa. Ina cikin layi, mutum biyu ne gabana. Ban ji harbin ba. Na dai ga ya jingina da kanta, ya sulale, burodin na hannunsa. Babu hanyar zuwa maƙabarta. Mazan unguwa suka haƙa a filin ƙwallon yara, suka yi masa salla a gurguje.

Washegari bayan azahar aka doki ƙofarmu da gindin bindiga. Su uku ne, da rawani a fuska.

“Buɗe! Ku zauna ƙasa! Waya!”

Suka ɗauki wayata da kwamfutar da duk bincikena ke ciki. Ɗayansu ya ɗaga 'yar ƙaramar wayar Hajja, ya duba, ya jefar a tabarma. Suka sha ruwan randa, alhali ana azumi, suka fita suka bar ƙofa a buɗe.

Sallah ta zo ranar Juma'a. Ba mu ji kabbara ba. Duk da haka Hajja ta ɗaura sabon mayafinta, ta shafa turare, ta sa ni ma na sake kaya. Muka ci dabino da busasshen burodi.

Bayan Sallah wata abokiyar karatuna ta kira lambar Hajja. An kawo motoci za su kwashe 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar. A hallara a harabar makaranta da sassafe.

Hajja ta ce za ta raka ni. Muka fito gari na wayewa, tana dogara sanda. Mun wuce motoci ƙonannu. Mun wuce wani shagon magani da aka fasa. Akwai wari a kan titi. A raina na riga na yanke cewa tare za mu tafi.

A bakin motar akwai wani mutum mai duba fasfo, muryarsa ta dishe.

“Fasfon Najeriya kawai! Ku matsa baya!”

Na ce masa, “Malam, don Allah, uwata ce. Bahaushiya ce. Ba ta da lafiya.”

Ya karɓi takardarta, ya juya, ya miƙo mata da hannu biyu. “Hajiya, ki yi haƙuri. Ko na bar ki, a iyaka za su sauke ki.”

Hajja ta dafa kafaɗata. “Shiga, ɗiyata. Ni dama Nafisa nake jira.”

Na shiga. Sai da na zauna a bakin taga na lura da ƙullin kaya a ƙarƙashin mayafinta. Ashe ita ma ta shirya. Motar ta tashi, tana tsaye, ba ta ɗaga hannu ba saboda ƙullin.

Hanyar arewa hamada ce. A kowane shinge sai an sauke mu. “Anzil!” suke cewa, wato sauka. Mu jeru a rana, a zazzage jakunkuna, mu koma. Ruwa ya ƙare. Wata mai ciki ta suma a bayana, muka yi ta yi mata fifita da kwali. A iyakar Masar muka yi kwanaki a kan yashi, ba banɗaki, ba inuwa sai ta jikin mota. Daga baya jirgi ya kwashe mu zuwa Abuja. Babana ya tarye ni.

Makarantarmu ta rufe, takardunmu na ciki. Da na samu gurbi a Malesiya, daga farko na sake karatun. Gari ne mai lafiya. Jirgin ƙasa na zuwa a kan lokaci, famfo ba ya ƙafewa. Amma kusan kullum da la'asar ana tsawa, kuma watannin farko a banɗaki nake zama har ta wuce. 'Yan Najeriyar da ke benenmu yara ne, da Turanci suke hirarsu. Muna gaisawa a lif. Ina sayo shinkafa a shagon abinci na ƙasan bene da suke kira mamak, in ce “tapau”, wato a ƙulle mini, in hau in ci ni kaɗai.

Duk Juma'a ina kiran Hajja. Nafisa ta samu ta ɗauke ta, suka koma garin Madani. Takan tambaye ni ko ina cin abinci, ko mutanen nan suna salla. A watan Disamba yaƙin ya isa Madani. Na kira, wayar a kashe. Na ci gaba da kira.

Saƙon ya zo cikin azumin da ya biyo baya. Ina titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, a shagon yadi, ina zaɓen na Sallah. Saƙon murya ne daga baƙuwar lamba, muryar Nafisa, daga garin Gadarif. Ta ce sun fita Madani a ƙafa, sun nufi Sinnar. Allurar ta ƙare tun kafin su fita. A kwana na biyu Hajja ta zauna a gindin wata bishiya ta ce a bar ta ta huta. An binne ta a gefen hanya, kusa da wani ƙauye da Nafisa ba ta san sunansa ba. Wata uku ke nan.

Mai shagon yana riƙe da almakashi. “Boleh, kak?” ya ce, yana tambaya ko ya yanka. Na girgiza kai, na fito. Titi cike da masu sayayya da waƙoƙin Sallarsu. Na shiga jirgin ƙasa, ina tsaye har Cheras.

A barandarmu na haɗu da Kak Ros, maƙwabciyata Bamaleshiya, tana ba furanninta ruwa. Ba mu taɓa wuce sallama ba. Ta kalli fuskata, ta ajiye butar. Na ce mata da guntun Turanci, wata uwata ta rasu a Sudan. Ta kama hannuwana biyu.

“Takziah,” ta ce.

Kalmar ta'aziyya ce, da bakinsu. Na amsa, na shiga ɗaki, na yi alwala. A duk garin nan ni kaɗai na san Hajja Batula, kuma mutum ɗaya ce ta yi mini gaisuwarta.