Ranar da mahaifiyata ta yi Halleluya ita kaɗai

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki muka koma Zariya. Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da muka shiga cocin da muke zuwa har yau shi ne ƙyallen da aka shimfiɗa a kan bagadi, teburin gaban coci. Shunayya ne, an goge shi tsaf, kuma babu ko fure ɗaya a kusa da shi.

Kafin nan mun sha yawon coci-coci. Kowace Lahadi mahaifiyata takan kashe ɗaurin ɗankwali ta ce yau ga inda za mu gwada. Mahaifina shi babu ruwansa, ya ce duk inda aka buɗe Littafi Mai Tsarki zai zauna. Ni ce nake shan wuya. A wani cocin an ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu, da aka zo kaina na kasa faɗin nawa. A wani kuma da rawa ake zuwa ba da baiko, wato sadakar coci, ni kuwa ko a ɗaki ni kaɗai kunyar rawa nake ji.

A nan babu wanda ya ce in miƙe. Aka durƙusa tare, aka karanta addu'a tare. Wata tsohuwa da ke gefena ta matsa mini, ta turo littafinta tsakaninmu, tana bin layi da yatsa don kada in ɓata. Na ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Mahaifiyata kuwa a zumuntar mata ta taso, ƙungiyar matan coci, ita ke buga tulun kiɗa a cocinmu na dā. Da limamin ya kammala wa'azi, wa'azin ya yi mata daɗi, sai ta ɗaga hannu ta saki murya: "Halleluya!"

Tana jiran a amsa da Amin, aka yi tsit. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar nan ta leƙo ta gabana tana murmushi, ta ce wa mahaifiyata a hankali, "'Yata, ai mun ajiye wannan kalmar sai Ista. Lokacin azumi muke ciki."

Mu ba mu san da wannan ba. A inda muka fito ana Kirsimeti ana Ista, amma ba a canza launin ƙyalle, ba a kuma ajiye wata kalma.

A hanyar gida mahaifiyata ta yi ta faɗa. Ta ce wannan ai gidan makoki ne, coci ba ganga ba guɗa, Halleluya ma sai ka nemi izini. Mahaifina yana ƙunshe dariya ya ce da ta sani da ta bar ta a jaka. Ta harare shi, ta yanke cewa Lahadi mai zuwa wani wuri za mu nufa.

Sai dai ni na ga abin da ba ta gani ba. Da ake fita, na hango ganguna a bayan bencin mawaƙa an lulluɓe su da zane. Gefen ɗaya ya fito, tsakiyar fatar ta yi baƙi saboda yawan duka. Ga tuluna biyu a kife. Tsohuwar ta ga ina kallo ta ce hutawa suke yi. Ta ce ran Ista da safe za a shimfiɗa farin ƙyalle, a kawo furanni, mata su yi rawa har bakin titi, kuma wanda ya yi makonni yana riƙe da Halleluya a ciki shi ya san daɗin fitar da ita.

Mako guda ina juya maganar nan a raina. Ni da ko ƙarin miya ba na iya nema.

Yanzu idan na tuna dariya nake yi, don mahaifiyata ce ke fara guɗa duk safiyar Ista, kuma ita ke raɗa wa baƙi cewa su ɗan riƙe Halleluyarsu. Ni ma na saba da shekara mai launuka: shunayya kafin Kirsimeti da lokacin azumi, fari, kore mai daɗewa. Shekarar ta koya mini cewa shiru ma yana da lokacinsa, kuma ba laifi ba ne.

Amma a lokacin ban san haka za ta kasance ba. Ranar Asabar da yamma na sami mahaifiyata a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na zauna na sa hannu a faifan, na daɗe ina tsintar abin da babu. Ta ce in ba tsinta zan yi ba in tashi mata.

Ban ɗaga kai ba na ce, "Mama, don Allah kada mu canza gobe. Mu bari su buɗe gangunan nan tukuna, ki ji da kunnenki. In ba su yi miki ba, duk cocin da kika kai mu zan miƙe in faɗi sunana."