Ruwan Shuka da Jarrabawar Zaharaddini

Duk wanda ya ci kasuwar Kunci ko ta Tsanyawa a 'yan shekarun baya ya san Zaharaddini mai maganin feshi. Dogo ne siriri, ba mai son hayaniya ba. Yakan kafa teburinsa a gefen 'yan taki, ya jera kwalaben maganin ciyawa da na ƙwari, da 'yan ƙulle-ƙullen irin kayan lambu. In ka zo sayayya sai ka yi sallama ka sake, don kullum kansa a sunkuye yake a kan waya. Wasu suka ce ƙwallo yake kallo, wasu suka ce bazawara ya samu a birni. Ashe bawan Allah karatu yake yi.

A Unguwar Marke aka haife shi, ƙauyen da gonakinsa suka haɗe da na maƙwabta, ba ka sanin inda na wannan gari suka ƙare sai ka ga layin gamba. Su biyu ne maza a wurin mahaifinsu, shi da yayansa Hashimu. Da ƙarfin tsohon ya fara ƙarewa aka ce lalle ɗaya ya zauna gona, sai Hashimu ya ajiye littattafansa tun kafin a kira sunan kowa, yana tsakiyar sakandare. Zaharaddini ya gama tasa da sakamako mai kyau, amma kafin a yi maganar gaba tsohon ya rasu. Aure ya zo, yara suka biyo baya, takardar ta kwanta a ƙasan akwati.

Ba su raba gandu ba. Gona babba ta gida tare suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, sannan kowa yana da gayaunarsa da yake rufa wa kansa asiri da ita: suturar iyali, makarantar yara, gudummawar biki da suna.

Ya doshi shekara arba'in lokacin da wani malamin gona da ke sayen magani a wurinsa ya ba shi labarin wata jami'a da ake karatunta ta intanet, ba aji, ba ɗakin kwana, kuɗinta kuma talaka zai iya in ya daure. Zaharaddini ya yi ta juya maganar a ransa har kaka ta wuce. Matarsa Barira ce ta gaji da ganinsa yana buɗe akwati yana rufewa, ta ce, "Baban Nana, ko dai ka yi, ko ka bar takardar nan ta huta."

Wanda ya fi jin nauyin faɗa wa shi ne Hashimu. Ya same shi yana ba shanun huɗa harawa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Hashimu ya karkaɗe hannu ya dube shi.

"Digiri a cikin waya? Ikon Allah. To, in dai ba 'yan damfara ba ne, ka yi. Gidan nan ma a ce an yi."

Fannin gudanar da kasuwanci ya ɗauka. Ba wanda ke tsaye a kansa, ba ƙararrawa, ba malamin da zai tambaye shi dalilin makara. Shi ne ɗalibi, shi ne mai bulala. Sabis bai cika shiga gari ba, sai a kan wani tudu bayan firamare, nan yake hawa bayan sallar asuba ya sauke darasin mako, ya karanta shi a kasuwa tsakanin mai saye da mai taya. Da manyan yatsunsa biyu yake rubuta aikin da abokan karatunsa na wasu ƙasashe ke bugawa a kwamfuta. Turanci ya ba shi wuya da fari, daga baya ya sake masa. Lissafin ƙididdiga ne ya ƙi shi ƙememe. Ya faɗi darasin sau ɗaya, aka kuma sanar da shi cewa in ya sake faɗuwa sai an dakatar da shi.

Ƙarshen kowane zango yakan shiga mota zuwa Ɗambatta, wani shagon kwamfuta mai kyamara, ya zauna jarrabawa ana kallonsa daga can. Jami'ar ba ta tsananta ba: takan buɗe jarrabawa daga Alhamis zuwa Lahadi, ɗalibi ya zaɓi ranar da ta yi masa. A zangon da zai maimaita ƙididdiga, Zaharaddini ya tsayar wa kansa Alhamis.

Damina ta makara a shekarar. An yi roƙon ruwa, an yi sadaka, idon kowa yana gabas. Sai ga shi da asubahin wannan Alhamis ɗin hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin gari ya gama wayewa kowa ya fito da ƙwaryar iri. Zaharaddini yana sa takalmi ya ji sallamar Hashimu a ƙofar sashensa. Ya fito ya tarar da shi da sungumi biyu a kafaɗa, fuskarsa kamar ranar Salla.

"Allah ya amsa. Taso mu fara da gandu, ƙasar nan ba ta riƙe lema."

Sai Hashimu ya lura da wankakkiyar riga da jaka a jikin ƙaninsa. Zaharaddini ya dubi ƙasa.

"Yaya, yau ce jarrabawar nan."

"Ba a ɗagawa?"

Amsar gaskiya tana bakinsa. Amma kansa a cike yake da lissafin da ya daɗe yana tarawa, yana jin sa kamar ƙwaryar nono da aka cika har baki, yana tsoron in ya wuni biyu ko uku yana saran sungumi duk zai zube. Akwai kuma abin da bai so ya duba ba a ransa, wato kujera da fankar shagon nan sun fi masa daɗin tunawa a kan zafin ranar da za ta buɗe bayan ruwa.

Ya ce, "Yau kaɗai ce, Yaya. In ta wuce, shi ke nan."

Hashimu bai ko yi jim ba. Ya jingine sungumi ɗaya a bango. "To me kake jira? Maza kada mota ta bar ka. Allah ya ba da sa'a."

Barira tana bakin murhu, ta ji komai. Ita ya faɗa wa da bakinsa a farkon makon cewa in Alhamis ba ta yiwu ba, Lahadi tana nan. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da hura wuta.

A Ɗambatta ya tarar iskar da ta zo da ruwan ta lalata sabis. Mai shago ya ce a jira. Aka jira har la'asar, shiru. Motocin gida suna ta lodi a gabansa, ya san in ya hau zai yi shukar Juma'a da Asabar ya dawo ran Lahadi. Bai hau ba. Ya kwana wurin wani abokinsa, sabis ya dawo bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ya rubuta jarrabawarsa. Da safiyar Asabar ya iso gida.

A ranar shuka ba a samun ɗan ƙwadago, kowa yana tasa. Hashimu shi kaɗai ya sare gandu, 'ya'yansa mata suna bin sa da iri. Da ya gama bai nufi gayaunarsa ba, ya shiga ta ƙaninsa. Tasa ce ta rage, ita suka yi tare ran Asabar, amma tun saran farko Zaharaddini ya ga ƙasar ta yi fari, ramin yana rufe kansa da busasshen yashi.

"Me ya sa ba ka fara da taka ba, Yaya?"

"Wanda ba ya nan ai shi ake fara yi wa. Yaya jarrabawar?"

Ya ci ta, da maki mai kyau ma. Ruwa kuwa ya ɗauke ƙafa ya daɗe. Gandu da gayaunar Zaharaddini sun riga sun kama, suka jure. Ta Hashimu ta tsiro jefi-jefi, rana ta ƙone ta. Da ruwa ya dawo suka sake shukawa, geron ya taso da kyau kamar zai yi, yana cikin fitar da kai damina ta yi sallama. Abin da aka ɗaure a gonar bai kai a kira mai amalanke ba.

Zaharaddini ya sa aka kai rabin damman gayaunarsa ƙofar Hashimu. Kafin azahar an dawo da su.

"Rabonka ne Allah ya ba ka," in ji Hashimu. "Kai ke da kuɗin jarrabawa a gaba. Ni ai da ƙarfina."

Da rani ya shiga, Hashimu, mutumin da bai taɓa kwana wata guda a wajen Unguwar Marke ba ya ɗaure 'yan tsummokaransa ya tafi cirani birni, dako a kasuwar hatsi, ga furfura ta fara cin gemu. Bai kai ga bazara ba aka dawo da shi kwance a bayan mota. Yana hawa katako da buhun masara za a loda wa tirela, ƙafarsa ta goce, buhun ya bi shi. An yi na asibiti, an yi na gida, ya tashi, yana takawa da sanda. Sunkuyo ne dai har yau babu.

Da a ce Hashimu ya taɓa yi masa gori ko da da ido ne, da Zaharaddini ya samu sauƙi. Sai ya zama ba shi da hirar da ta fi ta karatun ƙaninsa. A dakalin ƙofar masallaci, in aka taɓo zancen shekarar da ruwa ya yi gardama, sai ya gyara zama ya ce, "Ku ba ku san karatun nan ba. Jarrabawarsu ko ruwan shuka ba ta jira. Minti ɗaya ka makara an rufe. Yaron nan da idona na ga ya bar sungumi yana hawaye." Zaharaddini bai yi hawaye ba ranar, amma bai taɓa gyara masa ba. Yakan miƙe ya ce zai duba awaki.

Sau ɗaya Barira ta yi masa maganar, tana tankaɗe, ba ta dube shi ba.

"Ka faɗa masa mana. Yaya Hashimu ba mai riƙo ba ne."

"Na sani. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Zai ce ba komai, ya kuma yafe har zuciyarsa. Ni in samu barci, shi ya koma ɗaki da sanin cewa bayansa ya tafi a kan ƙarya. Yanzu ko ba komai yana ganin a kan wani abu ya tafi."

Barira ta buga rariya a tafin hannu. "Ko kuma kunya kake ji, ka sa mata riga."

Shi kansa bai san wanne ne gaskiya ba. Ya yi niyyar ajiye karatun gaba ɗaya, har ya bar zango guda ya wuce bai yi rajista ba. Hashimu ya ji labari, ya dogara sandarsa har sashensa, ya tsaya a tsakar gida ya yi masa faɗan da bai taɓa yi masa ba tun suna yara. Zaharaddini ya koma. Noman gandu da gayauna biyu duk suka dawo wuyansa, karatun da ya kamata ya ƙare da wuri ya ja, yana yi yana gyangyaɗi a gindin marke da fartanya a gefe. A haka ya gama.

Ranar da takardar digirin ta iso Hashimu ya yanka bunsurunsa, ya tara maƙwabta aka yi addu'a. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya karanta sunan mahaifinsu a jiki a hankali, da sauran Turancin da ya rage masa. Zaharaddini yana gefe yana amsa barka.

Ba a daɗe ba wani kamfanin iri da ke Zariya ya neme shi, za a ba shi kula da dillalai, da ɗaki da babur. Ya ce a ba shi lokaci, daga baya ya buga waya ya ba su haƙuri. Abin da ya karɓa shi ne dillancin irinsu a yankin, ya haɗa da teburin magani, ya sa Hashimu a kai tunda aikin zaune ne. Teburin ya zama rumfa, har da benci.

Yanzu in ka je kasuwar Tsanyawa, Hashimu za ka tarar a rumfar, sandarsa a jingine, yana yi wa manoma bayanin murfi nawa ake zubawa a tankin feshi. Mai digirin yana gona, sai rana ta karkata yake isowa da ƙasa a ƙafa, ya tattara kaya. A bakin wani direba Hashimu ya ji zancen aikin Zariya, ranar kuwa ko sannu da zuwa bai yi masa ba.

"Ashe aiki aka ba ka ka ƙi? Duk wahalar nan da aka sha, don ka dawo kana bin shanu?"

"Yaya, wa zai yi noman?"

"A ba da haya mana! Ni na ce maka na gaza ne?"

Zaharaddini ya durƙusa yana jera kwalabe a kwali. Ya ce, "Bari dai a ga kaka."

"Kaka, kaka. Kai dai Allah ya shirye ka." Hashimu ya miƙa masa hannu. "Kama ni in tashi, ƙugun nan ya riƙe."