Zazzaɓi a Ɗakin Sanyi

Ɗana na fari mai gyaran firiji ne. Abokan aikinsa na ce masa Mai Sanyi, har sunan ya bi shi gida. Na so ya yi jami'a kamar yadda na yi, shi kuwa tun yana sakandare hannunsa ke cikin injin. Mutum ne mai barkwanci, amma a kan aiki ba ya wasa. Dokarsa ita ce ba a barin bututun gas a buɗe, domin in laima ta shiga, injin ya tashi aiki.

Shekarar da ya yi aure ya suma a shago yana cikin zazzaɓi. A asibiti aka liƙa masa wayoyi a ƙirji aka ɗauki bugun zuciyarsa. Wata likita ta nuna mana wani ɗan tudu a zanen bugun, inda ya kamata layin ya kwanta. Bayan zazzaɓin ya sauka aka sake gwajin, tudun ya ɓace.

"Zuciyarsa lafiya take a ido," in ji ta. "Wutar da ke motsa ta ce ke da matsala, kuma zafin jiki ne ke tono ta. Wasu magunguna ma haka. Da zarar zazzaɓi ya kama shi, ya sha farasitamol ya taho nan. Kada ya sha komai na mura sai ya tambaye mu."

"Ashe ni ma wayarin ɗina ne ya lalace," ya ce. Ita ba ta yi dariya ba.

Wata rana da hantsi matarsa ta kira ni. Ya tashi da jiki zau, ya sha wani maganin mura da ba ta san sunansa ba, ya tafi gyaran ɗakin sanyi na wani kantin nama. Na ɗauki ma'aunin zafin jiki da farasitamol na bi shi a mota.

Na same shi a bayan kantin, zaune kan kwali a cikin ɗaya ɗakin sanyin, wanda bai lalace ba, ƙofa a buɗe, hazon sanyi na fitowa.

"Baba, kai ma an aiko ka kama ni?"

"Tashi mu je."

"Taɓa ka ji." Ya miƙo goshinsa. Sanyi ƙalau. "Haka muke yi. In jiki ya yi zafi sai ka shiga nan ka ɗan zauna. Wane likita ne ya kai wannan injin?"

Na sa masa ma'aunin a ƙarƙashin harshe. Fatar ce kawai ta huce, ciki yana nan kamar garwashi. Na nuna masa. Ya duba, ya kau da kai.

"Na riga na yanke bututu, Baba. Walda ɗaya ta rage."

Mai kantin ya matso. "Malam, in don ni ne ku tafi. Nama ba ya fin rai."

"Ba naman ba ne, maigida, injin ne," in ji ɗana. Ya karɓi farasitamol daga hannuna ya haɗiye, ya riƙe ƙofa ya miƙe. Na ga jijiyar wuyansa tana harbawa ba bisa tsari ba.

"Ka ji abin da likita ta ce."

"Na ji. Je ka juyo da motar, kafin ka zo na rufe bututun."

Ban tafi ba. Na bi shi na tsaya a bakin lungun da lalataccen injin yake, inda mutum biyu ba sa shiga. Ina ganin bayansa da shuɗin harshen wutar waldar. Yana ta fito da baki, kamar yadda yake yi in aiki ya kusa ƙarewa.

"Saura kaɗan?"

"Kaɗan, Baba."

Fiton ya tsaya. Wutar ta karkace tana lasar bango. Ban ji ƙarar faɗuwa ba, domin lungun ya yi masa ƙunci, zamewa ya yi ya zauna. Mai kantin ya kashe gas ɗin waldar, muka ja shi waje ta ƙafafu. Na danna ƙirjinsa kamar yadda likitar ta koya mana, ina dannawa har motar asibiti ta iso, su ma suka karɓa suka ci gaba. Zuciyar ba ta dawo ba. Shekararsa talatin da ɗaya.