Makarantar da Ba a Rantsuwa

Shekarar da na gama jami'a aka ba ni aikin duba makarantun firamare tsakanin Gummi da Bukkuyum, aka haɗa ni da babur da takardar tambayoyi. Ɗaya daga cikin makarantun ba ta gwamnati ba ce. Aji biyu ne na laka a bayan Zugu, wani Bature da matarsa ke koyarwa, mabiya wata ƙaramar ɗarikar Kirista da ake kira Menonayit. Sai an gama tatsar shanu suke buga ƙararrawa, shi ya sa yawancin ɗaliban 'ya'yan rugage ne. Ban ce ba a taɓa yi musu wa'azi ba. Ni dai ban gani ba.

A takardar akwai tambaya: shin yara na karanta alkawarin biyayya ga ƙasa kowace safiya? Ba sa yi. Baturen ya ce a addininsu ba a rantsuwa, kuma ba zai sa yaro ya faɗi abin da shi ba zai faɗa ba.

Arɗon rugagen ya raka ni har gindin babur.

"Malam, ɗiyana ukku na cikin ajin ga. Sa musu 'e' ka wuce. Wa ka biyo ka daji shi tambaya?"

"Baba, sai na duba tukuna."

Kwana uku ina juya takardar. Inna ta gaji da ni, ta ce, "Kai tun kana ƙarami ba ka iya shiru ba, ba ka kuma iya magana ba."

Daga ƙarshe na rubuta "a'a", na ƙara shafi guda na bayani: cewa karatun yaran, a iya ganina, ya fi na maƙwabta, cewa wataƙila a iya turo malamin gwamnati ya riƙa jan alkawarin da safe. Na ɗauka na yi wa kowa adalci.

Ina jin ba wanda ya buɗe shafin nan a ofis. Kafin damina aka rufe makarantar, aka ce yaran su koma ta gwamnati, inda ake kulle ƙofa tun shanu ba su tashi ba. Iyakar sanina, ko ɗaya bai koma ba.

Bayan shekara biyu na haɗu da arɗon a kasuwar Gummi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Sai ya nuna ni ga na kusa da shi, ya ce, "Ga malamin da ba ya ƙarya," ya juya ya ci gaba da duba haƙoran bijimi.

A shekarar aka ƙara mini girma, wai saboda kula da aiki.