Ɗiban Sawu a Sharaɗa

Kwallina ne ya fara ƙarewa. Tandun da nake cikawa ya kai ni daga salla zuwa salla, sai ga shi a daminar nan tun ba a je ko'ina ba na girgiza na ji wayam. Na ɗora wa 'yan matana biyu laifin, suka yi ta rantsuwa har ƙaramar ta yi kuka. Na ƙyale su, amma ban yarda ba. Bayan nan sai na riƙa ganin baƙi-baƙi a jikin kofunan shayi, kofin da na san an sha an ajiye, ban kai ga wankewa ba. Wata rana ma kofin Malam, mai gidana, ya ɓace tun safe, sai da yamma na gan shi a kife a kan randa, an wanke shi tas. A gidana ba wanda yake wanke kofi don Allah sai na yi magana.

A Sharaɗa muke, a layin da ke bayan kamfanin robobin da Malam yake aiki. Jiniyar canjin ma'aikata ce agogonmu, kuma idan an yi ruwa kwatar kamfani takan cika ta malalo, ta bar wani taɓo mai laushi a ƙofar gidajenmu. Duk wanda ya wuce sai ka ga sawunsa raɗau.

Babban ɗana a lokacin yana shekarar farko a kwaleji, yana karanta kimiyya. Shi ne na fari, don haka ba na faɗin sunansa, ba na kuma zama hira da shi. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu. Ƙawayena da muka yi sakandare tare suna yi mini dariya, wai an daina wannan kunyar tun tuni, ni dai bakina ya ƙi sabawa. In ina son wani abu a wurinsa sai in ce da ƙanwarsa, “Ce da yaron nan ya zo ya ɗauki abincinsa,” ko da yana tsaye yana jina.

Na taɓa jin yana gaya wa babansa abin da yake son karantawa nan gaba, wani abu wai shi forensik.

“Likita ke nan?” in ji Malam.

“A'a, Baba.”

“Ɗan sanda?”

“Ba sosai ba. Amma da su ake aiki.”

“To, Allah ya sa albarka,” in ji Malam, ya ci gaba da jin rediyonsa. Ni ma ban gane ba, kuma ba halin in tambaya.

Rannan rufin shagonsa na ƙofar gida ya yi yoyo, yana makaranta, na shiga in janye katifa. A bayan katifar na tarar da wata jaka. Ban yi niyyar buɗewa ba, bakinta ne a sake. Ga gashin wutsiyar doki an ɗaure, ga busasshiyar fatar damo, ga rabin ƙwarya, ga wani dunƙulen ƙaro. Can ƙasa kuma ƙananan fararen takardu ne, kowacce an manna mata salatif, a ƙarƙashin salatif ɗin shatin yatsa ne baƙi ƙirin. Ya rubuta a ƙasan kowacce. Ɗaya Baba. Ɗaya Umma. Na tsaya ina kallon babban yatsana a takarda, da kwallina, ban san lokacin da aka ɗauka ba.

A ƙauyenmu, can wajen Kumbotso, akwai gidan da ake hana mu wucewa ta ƙofarsa muna yara. Na taɓa leƙawa, kuma irin tarkacen da na gani a rataye ke nan: gashi, fatu, ƙorai. Na mayar da komai yadda na same shi, na fito ina ta maimaita innalillahi.

Daga ranar na sa masa ido. Na san zato zunubi ne, amma uwa ce ni. Idan ya cire riga sai in sansana, ko zan ji warin sholisho ko hayaƙi. Babu. In ya shigo in saci kallon idonsa, fari tas. Ana kiran salla zai fita, har asuba ba sai an buga masa ƙofa ba. Wannan ya ƙara tsorata ni, don da shaye-shaye ne na san inda ake kai yara, wannan kuwa ban san sunansa ba. Ranar Asabar da Lahadi kuma sai ya ɓace daga azahar zuwa magariba, ya dawo yana rera wani ɗan sauti a maƙogwaro, yatsunsa na hagu suna motsi a jikin cinyarsa kamar mai lissafi. Na riƙa karanta Falaƙi da Nasi ina tofawa a kununsa. Malam ban gaya masa ba. Mutum ne mai haƙuri, amma in ya yanke magana ba ya komawa.

Ana haka Hajiya ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta Alhaji tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya daga manyan sito na Bompai kafin ya ajiye. Ranar ko sallamar kirki ba ta yi ba.

“Umman yara, ina ɗanki?”

“Yana makaranta, Hajiya. Ku zauna mana, ga tabarma.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Me muka yi muku?”

“Subhanallahi. Me ya faru?”

“Da idona na gan shi. Ba wani ya ba ni labari ba. Ranar da aka kwana ana ruwa, Alhaji ya fita masallaci, na leƙo zan zubar da shara, sai ga ɗanki a tsugune a ƙofar gidana. Ya dama wani farin abu a gwangwani, ya zuba a sawun Alhaji, ya zauna yana gadi. Da ya bushe ya ɓamɓare ya sa a riga. Yau ga Alhaji can ƙafa ta kumbura kamar turmi, takalmi ba ya shiga.”

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake ɗiban sawun mutum a yi da shi. Na buɗe baki in ce ƙarya ne, sai jakar nan ta faɗo mini a rai, na kasa.

“Kin yi shiru,” in ji Hajiya. “Ashe kin sani.”

“Ban sani ba, Hajiya. Wallahi ban san komai ba.”

“To ki sani yau. A dawo mana da sawunmu zuwa gobe, in ba haka ba gaban mai unguwa za mu.”

Da Malam ya taso daga aiki na bari ya ci abinci, sannan na gaya masa duka, har jakar.

“In gaskiya ne,” ya ce, “ya gama makaranta. Ƙauye zan kai shi wurin Yaya, a yi masa addu'a, ya kama noma. Ba zan biya kuɗi a koya wa ɗana halaka ba.”

Washegari bayan la'asar aka zauna a tsakar gidanmu. Alhaji ya zo yana dogara sanda, ƙafar hagu a cikin silifas ɗin wanka da aka yanke masa madauri. Hajiya ta zauna kusa da shi, fuska a ɗaure. Ni ina bakin ƙofar ɗakin girki. Malam ya ce da yaron ya je ya kwaso duk abin da ke shagonsa, kada ya bar ko allura.

Ya kwaso. Ya ajiye jakar, ya ajiye wani farin faifai mai kamar busasshen tuwo, ga sawun takalmi a jikinsa har da zanen ƙasan takalmin. Sai ya koma ya fito da wani abu a naɗe da tsohon zanena. Da ya warware, goge ne, sabo, ko gama ɗaure shi ba a yi ba.

“La'ilaha illallahu,” in ji Hajiya. “Har da kayan bori. To me ya rage?”

Malam ya nuna faifan. “Mene ne wannan?”

“Sawun Baba Alhaji ne.”

“Ka ji ko! Bai ma musa ba!”

“Hajiya, ki bari ya yi magana,” in ji Alhaji.

Yaron ya durƙusa. Ya ce garin da ake yin silin da shi ne, ya roƙa a wurin masu gini. Ya ce karatun da yake so shi ne na gano mai laifi ta abin da ya bari a baya, sawunsa, shatin yatsansa, gashinsa, ɗigon jininsa. A kwalejinsu ba a koyarwa, sai an je jami'a, shi ne yake gwadawa da abin da ya samu yana kallo a waya. Kwalli yana kama maiƙon yatsa a jikin kofi, salatif ya ɗauke.

“Sawu nawa ne a layin nan?” in ji Hajiya. “Me ya sa sai na mijina?”

“Don ya fi kowanne ban sha'awa, Hajiya.”

Alhaji ya yi dariya har da tari. “Yau ni ake yi wa kirari da sawu. Ina abin sha'awar, ɗan nan?”

Yaron ya matsa da faifan gaban Alhaji. “Ku duba nan, Baba. Gefen waje ya nutse, na ciki bai taɓa ƙasa sosai ba. Ga kuma inda bakin takalmin ya ja taɓo. Na dama ba haka yake ba. Na daɗe ina ganin kuna tausaya wa ƙafar hagu, tun kafin azumi.”

Alhaji ya daina dariya. Ya kalli matarsa ta wutsiyar ido, ya shafa gemu.

“Gaskiyar yaro ce,” ya ce. “Ƙusa na taka tun kafin azumi, ciwon ya ƙi warkewa. Na ɓoye ne don kada a dame ni da zancen asibiti da hana ni shan shayi da sukari.”

Na ɗauka magana ta ƙare. Hajiya ta gyara mayafi.

“To shi ne ma,” ta ce. “Ya san ƙafar da zai kama. A ba ni abina.”

Ta ɗauki faifan da gefen mayafi, ba ta yarda ya taɓa hannunta ba. Daga baya na ji ta daka shi a turmi ta zuba a kwata. Yaron ya bi faifan da kallo har ta fita, ya ce a hankali wai shi ne na farko da ya fita bai tsage ba.

Saura goge. Malam ya ce, “Wannan fa? Shi ma ɓarayi ake kamawa da shi?”

Yaron ya ce a'a. Wani tsoho ne mai gadin wata masaƙa da aka rufe a Challawa, yana zama a inuwar ƙofa yana kaɗa goge shi kaɗai. Ya ji shi ne wata rana da ya je kai wa abokinsa saƙo, ya tsaya, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Tsohon ba ɗan bori ba ne, waƙoƙin noma da na zumunci yake yi, kuma ya ce duk 'ya'yansa ba mai so. Can yake zuwa koyo Asabar da Lahadi. Wannan shi yaron da hannunsa yake haɗawa, gashin doki da fata da ƙwarya da ƙaron da ke jakar duk kayan haɗin goge ne.

“A danginmu ka taɓa jin makaɗi?”

“A'a, Baba.”

“Roƙo za ka yi a gidan biki?”

“Ba roƙo ba ne. In na yi, kaina yana hutawa. Karatun ma ya fi shiga.”

Malam ya tashi ya yi alwalar magariba.

Alhaji ya je asibiti, aka wanke ƙafar, aka ɗora shi a magani, ta saɓe. Hajiya ta ce ai dole ta saɓe tunda an karya abin. Kuma maganarta ce ta zaga layi, ba ta mijinta ba. Matan da suke turo 'ya'yansu yaron ya koya musu lissafi suka daina. Wata da muke mutunci da ita ta zo barka da salla, na ba ta ruwa, na ga tana riƙe kofin da bakin hijabi. Da safe in maza sun fita sai ka ji tsintsiya ta ko'ina, ana share ƙofar gida, har da waɗanda ban taɓa gani da tsintsiya ba. Yara in sun hango shi sai su bi ta kan duwatsu suna dariya. Ni kaina, Allah ya yafe mini, akwai ranar da na ga ya daɗe yana kallon tsefewar kan ƙanwarsa, na tattara gashin na ƙulle kafin in tuna.

Sati biyu Malam bai tayar da zancen ba, ni kuma kullum gabana yana faɗuwa in na ji ya ambaci ƙauye. Sai wata Juma'a bayan an sauko ya kira yaron, ina jin su daga ɗaki.

“Makaranta za ka ci gaba,” ya ce. “Na tambayi wani da muke aiki tare, ƙaninsa ɗan sanda ne, ya ce karatun gaskiya ne, kuma ana neman masu shi. Amma layin nan ba zai zaunu maka ba, ƙannenka mata ne, gobe aure za su yi. Na yi magana da kawunka na Hotoro, akwai ɗaki. Can za ka koma.”

“To, Baba. Gogen fa?”

“Ban gan shi ba, ban ji shi ba. Kada ka sake in gan shi.”

Ranar Lahadi ya haɗa kaya. Na daka masa yaji da ƙuli, na ƙulla garin kunu, na ba ƙanwarsa ta kai masa. Mai adaidaita sahu yana jira a waje, yana ta danna oda. Yaron ya shigo ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, ya ce, “Umma, zan tafi.” Da can sai in ce Allah ya kiyaye, ina kallon wani wuri. Ranar na kalle shi. Na ga wuyan gogen ya leƙo daga cikin buhun kayansa, ya cusa shi tsakanin takalma da bokiti.

“Haka za ka tafi da shi?” na ce. “Hanyar nan duk ramuka ce, ƙwaryar za ta fashe. Cire ka riƙe a cinya.”

Ya ɗago ya dube ni, don bai saba jin magana mai tsawo haka daga bakina ba. Ya cire, ya rungume, ya fita ta gaban Hajiya tana tsaye a ƙofarta da tsintsiya. Ya gaishe ta. Ta amsa, amma sai da adaidaitar ta sha kwana sannan ta koma ciki.