Baba Haruna da Ƙusar Wutsiya

Ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki ranar Talata da safe, Safiya 'yar Baba Haruna ta kira ni. "Kawu Isa, Baba ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na wuce tashata ban sani ba.

Baba Haruna ya fi shekara talatin yana gyaran helikwafta. Ni kuwa direban tasi ne a unguwar Bronx, can ƙasar waje, da ya koyi kanikanci da furfurarsa, kuma shi ya karɓe ni a garejinsu na helikwafta. A jikin akwatin kayan aikinsa akwai tsohon hoto: helikwaftan farko-farko, ƙarafa tsirara, mutum zaune a fili, an ɗaure jirgin da igiyoyi a ƙasa. Ya sha ba mu labarin yadda jiragen farko suke juyawa kamar dutsen niƙa in babbar farfela ta tashi, har aka gano a sa ƙarama a wutsiya ta riƙe su. Mukan yi masa dariya, mu ce Baba ya fara wa'azi. Yakan ce, "Waɗannan da hannunsu suka ƙera shi, amma ba su yarda da shi ba sai da igiya. Kai wane ne?"

Wata rana na gama aiki a farfelar wutsiya, matuƙi da fasinjoji huɗu suna jira, na ɗauki biro zan sa hannu a takardar kammala aiki. Baba ya karɓe biron. Ya bi ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wadda ban ɗaure da wayar kulle ba. Iyalina ba su fi wata biyu da zuwa daga gida ba, kuma laifin na kora ne.

Bai rufa mini asiri da ƙarya ba. Ya kai ni gaban manaja ya faɗi gaskiya, sannan ya ce, "Ni na koya masa. In za a kore shi, a haɗa da ni." Ba a kore ni ba, amma wata shida yana bin bayan kowace ƙusa da na ɗaure, bai taɓa yi mini gori ba. Kunya ta hana ni in gode masa yadda ya kamata, abin yana ci mini rai.

Ya Allah, mutum biyar suka sauka lafiya ran nan ba su san sunansa ba, amma Kai Ka sani. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa Hajiya da Safiya haƙurin rashi, Ka tsaya musu yadda ya tsaya mini. Amin.